Ranar da Aka Sa Saratu Ta Sassauta

A cikin ranakun aikina akwai wadda ban taɓa iya mantawa da ita ba, wato Asabar ɗin da aka zo gwajin 'yan wasa a filinmu na Zuru. Duk lokacin da aka turo mini sababbin masu horarwa su koyi aiki a hannuna, sai na zaunar da su na ba su labarin nan tukuna. Har yau idan na ɗauko shi raina ɓaci yake yi, kuma ba na ɓoyewa.

Sunana Asabe. Malamar motsa jiki ce ni a wata sakandaren 'yan mata, da yamma kuma a wancan lokacin ni ce kocin wata 'yar ƙungiyar ƙwallon mata ta cikin gari. Ba zan faɗi sunanta ba, waɗanda suka sani sun sani. Mai ƙungiyar wani ɗan kasuwar hatsi ne da kowa ke kira Ciyaman. Don Allah a ba shi haƙƙinsa: shi ke sayen ƙwallo da jesi, shi ke ba da mota idan za mu buga wasa a Danko ko Ribah, a lokacin da sauran masu hali ke cewa ƙwallon mata wasan banza ne. Tsarin da muka yi da shi tun farko mai sauƙi ne. Ƙungiya tasa ce, fili nawa ne, ba ya sa mini baki a wanda zan sa ko yadda za a buga.

Saratu mahaifinta ne ya kawo ta da kansa a kan tsohon babur, daga wani ƙauye a hanyar Danko. Saja ne mai ritaya. A ƙasarmu wannan ba abin mamaki ba ne, da wuya ka shiga gida ba ka ga hoton wani da kaki a bango ba. Ya tsayar da ita a gabana, ya ce, "Malama, ga ta nan. Na gaya mata a nan ba ta da baki. Abin da na gaba ya ce, shi ke nan. In ta yi gardama ki aiko mini."

Ya juya wajenta. "Kin ji?"

"Na ji, Baba," in ji ta, hannayenta a baya, ƙirji a gaba, kamar ana faretin safe.

Dariya ta kusa kuɓuce mini. Ban daɗe ba na gane ba wasa suke yi ba. Wata rana na ce ta riƙa zagaya fili da gudu har in dawo, sai shugabar makaranta ta riƙe ni a ofis da wata magana. Da na fito rana ta yi sanyi, sauran yara duk sun watse, ita kuwa tana nan tana zagaye, jesinta sharkaf. Tun daga nan nake tsokanarta da Kofur, takan yi murmushi ta sunkuyar da kai.

Ga wanda bai san harkar ba, bari in ɗan yi bayanin aikin 'yar baya. 'Yar gaba za ta ɓarar da ƙwallo tun daga farkon wasa, in ta dace ta ci ɗaya a ƙarshe sai a ɗauke ta a kafaɗa. 'Yar baya za ta tare duk abin da ya zo, in ta kuskure sau ɗaya da shi za a tafi gida ana zance. Kuma wadda ta iya da gaske ba ta cika burge 'yan kallo ba, don ba za ka gan ta tana zamewa a ƙasa ko tana dukan ƙwallo sama ba. Tun kafin haɗari ya taso ta riga ta tsaya inda ya kamata.

Saratu irin wannan ce. Ba ƙwallo take kallo ba, ƙugun mai ƙwallon take kallo, don ƙafa tana yaudara amma inda ƙugu ya karkata nan mutum zai bi. Sai ta lallaɓa 'yar gaba ta tura ta wajen ƙafar da ba ta iya ba, ta matse ta a bakin layi, ta karɓe ƙwallon ba tare da ko taɓa ta ba. Ƙarfi kuwa ba ni na ba ta ba, ɗaukar damin dawa daga gonar kan dutse ne ya ba ta. Na sa mata lamba biyar, kuma a shekara biyun da ta yi a wurin, golarmu har ƙorafi take yi wai barci na ɗaukar ta a raga.

Amma sunan da gari ya sani shi ne Jamila, lamba tara. Yarinya ce mai gudu da ƙafar dama mai zafi, 'yan kabu-kabu har ajiye babura suke su zo kallonta. Ita da Saratu aminai ne. Duk jajibirin wasa a gidan su Jamila Saratu ke kwana, tunda ƙauyensu da nisa. A atisaye kuwa Jamila roƙona take yi kada in haɗa su, wai Kofur ba ta san ƙawa ba.

Manyan ƙungiyoyin da ke buga gasar ƙasa sukan tura mutum ya zagaya neman 'yan wasa. Mu ba wanda ke zuwa wurinmu. Zuru ta yi nisa, hanya ba ta da daɗi, ga fargaba. Ciyaman ya daɗe yana buge-bugen waya yana tura hotunan bidiyon ƙwallayen Jamila, har dai wata ƙungiya daga kudu ta yarda za ta aiko mutum, bayan an gama girbi. Baƙon dattijo ne mai furfura a gemu, a bariki ya tashi, don haka Hausa a bakinsa take. Ya iso ranar Juma'a, ya ce wasa ɗaya zai gani da safe, ya kama hanya da rana tsaka don kada yamma ta yi masa a daji.

Ka'idar irin wannan gwaji ita ce a raba 'yan ƙungiya gida biyu, ja da shuɗi, su kara. Koci ba ta tsayawa a gefe tana ba da umarni, ita ke riƙe usur ta yi alƙalanci, don baƙo ya ga abin da yaran za su yi da kansu. Shi kuma ya ƙara sharaɗi ɗaya. Ya ce, "Wadda ta fi kowa iya tsaron baya a cikinku, ita za ta riƙe mini lamba tara. Ba na son a nuna mini cin ƙwallo a kan 'yan koyo."

Da yammacin Juma'ar Ciyaman ya aika in same shi a shagonsa. Na tarar ana auna masa dawa. Ya ja ni gefe, bayan buhuna.

"Koci, wagga ɗiya taki ta baya, ki ja mata kunne. Gobe ba ranar nuna ƙarhi ba ta. Baƙonmu don Jamila ya taho, ki ce ta ɗan sassauta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan kam ba zan iya ba. In na ce mata ta buɗe gobe, jibi da wane baki zan ce ta tare? Kuma Jamila ba ta bukatar a yi mata sadakar ƙwallo."

"Mi za ta rasa?" in ji shi. "Wasa na tsakaninmu, ba kohi ba na. Shekara nawa muna wahala, ba mu taɓa hidda ko mutum guda ba. Mutane dariya sukai mani a kasuwa."

Na sake ba shi haƙuri, na tuna masa fili nawa ne. Ya yi 'yar dariya ya ce Allah shi kai mu goben. Na tafi gida ina ganin magana ta mutu.

Da safe fili ya cika. Ciyaman ya kafa rumfa, ya gayyato abokan kasuwarsa da wasu manyan gari, an jera kujerun roba. Baƙo ya ƙi zama a rumfar. Ya ɗauki benci ya koma can gefe shi kaɗai. Na sa Jamila a ja, Saratu a shuɗi, na busa.

Abin da na gani a zagayen farko ban taɓa ganin irinsa a filin nan ba. Duk inda Jamila ta juya sai ta tarar da Saratu ta riga ta zuwa. Ta gwada gudu, Saratu ta raka ta har tutar kwana ta karɓe. Ta gwada yanka, Saratu ba ta ko motsa ba. Aka ɗago ƙwallo sama, Saratu ta sa kai ta sauke wa 'yar tsakiyarta a ƙafa. Ko keta ɗaya ban busa mata ba. 'Yan kallo suka fara gunaguni, wai wasa ba daɗi. Na saci kallon rumfa, na ga Ciyaman ya cire hula yana fifita da ita. Aka tafi hutu ba ci.

Ina shan ruwa sai baƙo ya yafito ni da hannu.

"Koci, waccan lamba biyar, wa ya koya mata tsayuwa?"

Na ce rabi ni, rabi Allah ne ya ba ta.

Ya ce, "Gaskiya mai cin ƙwallo aka aiko ni nema. Amma irin wannan ta fi wuyar samu, na yi shekaru ban ga yarinya mai natsuwarta ba. In ta maimaita haka a zagaye na biyu, zan kira ogana. Motata tana da wurin mutum biyu." Sai ya ɗaga yatsa. "Kada ki gaya mata. So nake in ga ko haka take ko da ba ta san ana kallonta ba."

Na yi masa alkawari. Daɗi ya cika ni. Ina juyowa sai na hango Ciyaman ya bar rumfa, yana ƙarƙashin bishiyar dogonyaro ta bayan raga. Saratu na tsaye a gabansa, hannaye a baya. Shi ke magana, ita tana gyaɗa kai.

Lokacin hutu ya cika, baƙo na duban agogonsa. Da za ta wuce ni na rage murya na ce, "Me ya ce miki?"

"Ba komai, Koci." Ba ta ɗago ido ba.

"Ki yi wasanki, kin ji ni? Wasanki."

"To, Koci."

Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan, da usur a wuyana, ga baƙo ya zuba mana ido.

Yarinyar da ba ta iya ƙarya da baki ba, ba ta iya ta da ƙafa ba. Ba faɗuwa ta yi ba, ba kuma kaucewa ta yi a fili ba. Jinkirin taku ɗaya kawai ta riƙa yi, ta kuma riƙa barin Jamila ta koma kan ƙafar dama, abin da tun ranar da ta fara ba ta taɓa bari ba. Jamila ta wuce ta ci na farko, fili ya kaure da ihu. Ba a jima ba ta ƙara. Ciyaman ya miƙe yana tafi, abokansa na ba shi hannu. A na ukun Jamila da kanta ta gane. Ta buga ƙwallon a raga, ba ta yi murna ba, ta tsaya tana kallon ƙawarta. Saratu ta sunkuya tana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Ni kuwa ina tsakiyar fili ina busa musu ci ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa jin na tsani aikina ba sai ranar. Na waiwayi benci, na ga baƙo ya daina bin lamba biyar da ido.

Da aka tashi ya shiga rumfa ya ce zai tafi da Jamila. Aka yi ta kabbara da guɗa. Na bi shi har wajen motarsa na tambaye shi lamba biyar fa.

Ya girgiza kai. "Numfashinta na rabin wasa ne. Ta koma ta ƙara atisaye."

Na kasa haɗiyewa. Yarinyar da ke zagaya fili har rana ta faɗi, ita za a ce ba ta da numfashi? Na gaya masa komai, abin da aka nema a wurina ranar Juma'a, da abin da na hango a gindin bishiya. Ina tsammanin zai ce a kira ta.

Ya juya makullin mota a hannunsa. Sannan ya ce, "Na gode da kika gaya mini, Koci. Amma da kin bar ni a kan gajiyar. Gajiya ina gyara ta cikin 'yan watanni. A gasar da muke bugawa, akwai mutanen da ke bin 'yan wasa har masauki kafin wasa, kuma 'yar baya mai jin magana suke nema. Wadda babba zai ce ta buɗe ta buɗe, ba zan iya ajiye ta a gaban golata ba."

Na ce, "Yallaɓai, ba kwaɗayi ba ne. Ko sisi ba a ba ta ba. Tarbiyyar gidansu ce, 'yar soja ce, shekarunta sha bakwai."

"Na yarda," in ji shi. "Ni ma ɗan soja ne. Amma in na kai ta, ogana ya ji labarin nan daga wani bakin, aikina ne zai tafi." Ya buɗe wa Jamila ƙofa. Ta shiga tana kuka, kujerar gefenta jakarta aka ɗora a kai.

Na koma rumfa na samu Ciyaman. Ban san abin da na faɗa masa duka ba, na dai san ban yi ranka ya daɗe ba. Da ya ji baƙo ya so ɗaukar su biyu, sai da fuskarsa ta canza, amma nan da nan ya gyara hula. "To wa ya sani? Ai da kin hwaɗa mani. Ki bari, baɗi nata na." Sati na zagayowa ya aiko mata da sabon takalmin ƙwallo, a ganinsa ya biya.

Baɗin ta zo, ba wanda ya zo. Wadda ta biyo ta ma haka.

Magana kuwa ba ta ɓuya a Zuru. Kafin wata ya ƙare kowane ɗan kabu-kabu ya san an ce Saratu ta buɗe ta buɗe. Ba wanda ya zagi Ciyaman, shi ai ya fitar da 'yar gari zuwa babbar ƙungiya, har hotonsa da Jamila ya manna a shago. Amma duk wasan da aka ci mu, ko daga fanareti ne, sai ka ji wani daga bayan raga ya ɗaga murya: "Lamba biyar, yau wa ya ba da oda?" Ta daure ta ƙarasa kakar wasa, ba ta taɓa tanka wa kowa ba. Da damina ta sauka ta ce za ta je taya Baba noma, ba ta dawo ba. Jamila tana can kudu har yanzu, wata rana a sa ta, wata rana benci. Ba ni da komai da ita a raina, ba ita ta roƙa ba.

Da kaka na hau kabu-kabu na tafi ƙauyensu. Na tarar da Saja a ƙofar gida yana gyaran rumbu. Na zauna na ba shi labari tun daga farko, har da abin da baƙo ya faɗa a rabin lokaci da wanda ya faɗa a bakin mota. Saratu na tsugune a gefe tana sussukar dawa, tana ji.

Ya tambaye ta, "Malama ta ce ki yi wasanki?"

"Ta ce, Baba."

"Don me ba ki yi ba?"

"Kai ka ce in oda biyu suka haɗu, ta babba ake bi. Ciyaman ne babba."

Tsohon ya dakata da aikin rumbun. Can ya ce, "Ta yi daidai, Malama. A soja in kwamanda ya ba da muguwar oda, shi ake kamawa, ba ƙaramin soja ba."

Na ce, "Baba, a ƙwallo ba a kama kowa."

Ya koma kan rumbunsa, amma na ga laka ta bushe a hannunsa bai shafa ba.

Saratu ta rako ni bakin titi. Mun yi nisa, sai ta ce, "Koci, da gaske ya ce motarsa tana da wurin mutum biyu?"

Na ce da gaske.

"Da na ƙi fa? Me za a yi mini?"

"Da Ciyaman ya kore ki daga ƙungiyarsa. Ke kuma da kin shiga motar."

Ta tsaya tana kallon hanya. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Ta ce, "Ni ba wanda ya taɓa gaya mini ana iya ƙi."

Na roƙe ta ta dawo fili, ta ce to. Wannan ce maganata ta biyu da ta ce wa to ba ta cika ba. Yanzu tana Ribah wajen gwaggonta tana koyon ɗinki. Ni ma ban ƙara shekara a ƙungiyar ba na ajiye, na tsaya a kan 'yan makarantata.

Abin da nake gaya wa masu koyon aikin nan shi ne, dukanmu muna son yarinya mai jin magana, don ita ke sauƙaƙa mana aiki, muna yabonta muna kafa misali da ita. Amma ba mu kaɗai ke magana a kunnenta ba, kuma a sana'ar nan mai ba da umarni a inuwa yake zaune, yarinyar da ta bi shi ita ake gani a fili, ita ake bi da ihu har gida. Don haka duk 'yar bayan da ta shigo hannunku, ranar farko ku gaya mata a fili, da bakinku, cewa akwai umarni ɗaya da ba a bi ko daga wa ya fito, ko mai ƙungiya, ko koci, ko uban da ya haife ta: kada ta taɓa buɗe wa kowa hanya. Saratu ta fi duk yaran da na taɓa horarwa iya aikin, kuma wasa rabi kacal aka gan ta tana yi.